Rajistar takarda ko na'urar dangwala yatsa: wacce ta fi rage fashin ɗalibai a sakandare?

Malam, ka ce fashin ɗalibai ya yi yawa a makarantar sakandaren da kake mataimakin shugabanta, musamman a manyan azuzuwa, kuma an kawo shawarar a jingine rajistar takarda a sayi na'urar da ɗalibi zai dangwala yatsa ko ya goga kati a bakin ƙofa. Kana son a ajiye maka hanyoyin biyu gefe da gefe kafin ku yanke hukunci. Zan yi hakan, amma tun da fari ya kamata a san cewa dukansu biyu aikinsu ƙirge ne, kuma abin da zai dawo da yaro aji shi ne matakin da aka ɗauka bayan an ƙirga.

Rajistar takarda tana da wata fa'ida da ba a cika ambatonta ba, wato kiran suna kansa. Idan malamin aji ya kira suna ya ji shiru, ya ɗaga kai ya ga kujera babu kowa, to a wannan lokacin akwai babban mutum guda da ya san cewa wane bai zo ba, kuma sau da yawa abokan yaron za su faɗi dalili tun kafin a tambaye su. Ba ta buƙatar wutar lantarki ko intanet, kuma sabon malami zai iya riƙe ta a ranar da ya fara aiki. Rauninta yana bayyana ne bayan an rufe littafin. Bayanin yana kwance a aji ashirin ko talatin daban-daban, babu mai haɗa shi sai ƙarshen zango lokacin cike katin sakamako, kuma a lokacin yaron da ya fara fashi a mako na uku ya riga ya yi nisa. Akwai kuma abin da duk wanda ya taɓa riƙe aji ya sani: malamin da aiki ya yi wa yawa yakan cike kwana uku ko huɗu a zama ɗaya daga abin da ya tuna, ko ya miƙa wa monita littafin, shi kuwa monita yana da abokai.

Na'ura tana gyara wannan raunin kai tsaye. Tana rubuta lokacin isowa har da minti, saboda haka makara ma tana fitowa fili, tana tara bayanin makaranta gaba ɗaya wuri guda, kuma idan an haɗa ta da manhajar aika saƙo, iyaye za su iya sanin ɗansu bai iso ba tun kafin azahar. Sai dai abin da take shaidawa shi ne yaro ya wuce ta ƙofa, ba ta san ko ya zauna a darasin lissafi ba. Kati ana iya ba wa aboki ya goga. Yatsa ba a aronsa, amma na'urar takan ƙi karanta yatsa mai gumi ko datti, kuma idan ɗalibai 800 za su bi ta na'ura biyu kowanne yana cin daƙiƙa biyar, layin zai ɗauki fiye da rabin awa, wanda daga darasin farko za a cire shi. Ranar da wuta ta ɗauke ko na'urar ta lalace, dole a koma takarda, don haka makarantar da ta sayi na'ura a gaskiya hanyoyi biyu take riƙewa.

Akwai kuma batun amanar bayanan jikin yara, wanda masu tallar na'ura ba su cika tsayawa a kansa ba. A shekarar 2019 hukumar kare bayanai ta ƙasar Suwidin ta ci tarar wata ƙaramar hukuma kurona 200,000 saboda wata makarantar sakandare ta gwada ɗaukar halartar ɗalibai 22 da kyamarar gane fuska na tsawon mako uku. An nemi yardar iyaye, amma hukumar ta ce yardar da aka bayar ga makarantar da yaro ke ƙarƙashin ikonta ba ta wadatar ba, kuma ana iya ɗaukar halarta ta hanyar da ba ta kai wannan kutse ba. Kafin ku ɗauki zanen yatsan yaro ko ɗaya, ku duba abin da dokar ƙasarku ta ce, ku kuma tambayi kamfanin inda bayanin zai zauna da ranar da za a goge shi idan ɗalibi ya gama.

Akwai hanya ta uku a tsakani wadda a ganina ta fi dacewa da sakandare: malami ya ci gaba da kiran suna da bakinsa, amma ya shigar da sakamakon a waya ko kwamfuta, ko kuma a tattara takardun kowace safiya wani ma'aikaci guda ya shigar da su cikin jadawali. Ingila misali ce a nan, domin doka ta wajabta ɗaukar rajista sau biyu a rana, da safe da kuma bayan hutun rana, kuma tun daga shekarar 2024 an wajabta ajiye rajistar a kwamfuta. Kiran na biyu ya fi muhimmanci a sakandare fiye da firamare, saboda babban yaro yakan amsa suna da safe sannan ya sulale bayan tara. Idan za ku iya sa kowane malamin darasi ya yi alama a kan waɗanda ba su nan, za ku ga abin da na'urar ƙofa ba za ta taɓa nuna muku ba, misali yaron da kullum yana makaranta amma darasi ɗaya tak yake gudu, wanda matsalarsa tana tsakaninsa da wannan darasin ko malaminsa.

Kowace hanya kuka zaɓa, abin da kuke aunawa ya fi kayan awon tasiri. Yawancin makarantu suna kallon matsakaicin halarta na makaranta duka, kuma wannan adadi yana ɓoye yaran da suka fi buƙatar taimako. A ɗauki makaranta mai ɗalibai 500, inda 450 ke fashin kashi 3 cikin 100 na kwanakin karatu, sauran 50 kuwa suna fashin kashi 30. Matsakaicin zai fito kusan kashi 94, shugaban makaranta ya ji daɗi, alhali yara 50 suna rasa kusan kwana ɗaya cikin kowane uku. Shi ya sa a Amurka da Ingila ake amfani da ma'aunin ɗalibi ɗaya-ɗaya: duk wanda ya rasa kashi 10 cikin 100 na kwanakin karatu, ko da uzuri ko babu, ana lissafa shi cikin masu yawan fashi. A shekarar karatu mai kwana 180 wannan kwana 18 ne, wato kwana biyu kacal a wata, adadin da iyaye da malamai ba sa ɗauka da nauyi saboda a warwatse yake zuwa. Da wannan ma'auni ne aka ga masu yawan fashi a makarantun gwamnati na Amurka sun tashi daga kusan kashi 15 kafin annobar korona zuwa kusan kashi 28 a shekarar karatu ta 2021 zuwa 2022. A nan kwamfuta ta yi wa takarda nisa, domin fitar da jerin waɗannan sunaye kowace Juma'a aikin minti kaɗan ne a jadawali, a littattafai talatin kuwa aikin yini ne.

Sauran kwatancen shi ne abin da za a yi da jerin sunayen, kuma a nan zaɓin yana tsakanin horo da tuntuɓa. Horo yana da sauƙin zartarwa kuma yana aiki a kan yaron da ganganci ne kawai ke sa shi makara. Amma rufe ƙofa a kan wanda ya makara ko dakatar da mai fashi yana ƙara kwanakin da ya rasa ne, kuma bulala ba ta warkar da ciwo, ba ta rage nisan hanya, ba ta kuma cire tsoron yaron da wasu ke cin zalinsa. Tuntuɓar iyaye kuwa akwai gwaje-gwajen da suka auna ta. Masu bincike Todd Rogers da Avi Feller sun aika wasiƙu ga iyayen ɗalibai fiye da 28,000 a birnin Filadelfiya na Amurka, kuma sakamakon da suka wallafa a 2018 ya nuna cewa wasiƙun da suka faɗa wa iyaye jimillar kwanakin da ɗansu ya rasa sun rage adadin masu yawan fashi da kashi 10 cikin 100 ko fiye. Dalilin yana da ban sha'awa: iyaye da yawa suna zaton fashin 'ya'yansu bai kai yadda yake ba, sai da suka ga adadin a rubuce. A jihar West Virginia ma, Peter Bergman da Eric Chan sun gwada aika saƙon waya kowane mako ga iyayen ɗaliban makarantu 22 game da darussan da aka yi fashi da ayyukan da ba a kawo ba, halartar darasi ta ƙaru da kashi 12 cikin 100. Abin lura shi ne saƙon da ke cewa "ɗanku ya rasa kwana 9 a wannan zango" ya fi wanda ke yin nasiha a kan muhimmancin ilimi, wadda iyaye sun riga sun yarda da ita.

Kyautar cikakkiyar halarta, wadda kusan kowace makaranta ke alfahari da ita a ranar rabon kyaututtuka, ba ta tsira a gwaji ba. A wani bincike kan ɗalibai fiye da 15,000 a Kalifoniya, alƙawarin takardar yabo bai ƙara halarta ba, waɗanda kuma aka ba takardar bayan sun yi wata guda babu fashi sun fi fashi a watan da ya biyo baya, kamar sun fahimci cewa sun yi fiye da abin da ake bukata. Ban ce a soke kyautar ba, amma kada a lissafa ta cikin magani, tunda yaron da ya rasa kwana 20 ya san ba da shi ake ba.

Ga ƙalilan ɗin da saƙo ba ya motsa su, sai mutum. Shirin Check and Connect da aka fara a Jami'ar Minnesota a 1990 ya ginu ne a kan haɗa kowane irin wannan ɗalibi da babba guda wanda ke duba halartarsa da makinsa a kai a kai, yana zama da shi, yana kuma magana da gidansu na tsawon lokaci. Wannan ya fi kowace na'ura cin lokacin ma'aikata, shi ya sa ba za a iya yi wa kowa ba, sai waɗanda jerin Juma'a ya nuna sun fi nisa.

Da ni ne a kujerarka, Malam, zan ɗage sayen na'urar zango guda. Zan sa a riƙa kiran suna sau biyu a rana, a shigar da shi jadawali kafin ƙarfe goma na safe da kuma kafin tashi, a ba malami guda alhakin fitar da sunayen waɗanda suka kai kashi 10 kowane mako, a kira gidan duk wanda ya yi kwana biyu a jere ba labari, a kuma rubuta dalilin da aka samu kusa da sunansa. Idan zango ya ƙare kuka ga shigar da bayanin ne ke gagarar ku, to na'ura ko manhaja za ta sauke muku wannan nauyin, kuma kun san ainihin abin da za ku nema daga mai sayarwa. Idan kuwa jerin yana fitowa a kan lokaci amma kiran gidajen ne ba a yi, kuɗin ya fi dacewa a kashe shi wajen rage wa malamin da ke wannan aiki yawan darussansa.