Hunturu huɗu da katafilar ƙanƙara: inji na duba, sarƙa ta kayar da ni

Ranar da na tura hoton motar tafiya kan dusar ƙanƙara da na saya a zauren WhatsApp na gidanmu, Yayana ne ya fara magana. Ya ce, "Kai kuma tankar yaƙi ka saya?" Ƙanwarmu ta ce a'a Yaya, katafila ce aka ɗora wa ɗaki. Ita ta fi kusa da gaskiya, shi ya sa har yau a gidana katafilar ƙanƙara muke ce mata, mutanen nan Amurka kuma su ce sunokat. Hunturu huɗu ke nan ina hawa dutse da ita, na sha daɗinta, ta kuma gasa mini aya a hannu sau ɗaya, gashin da ba zan manta ba.

A jihar Kolorado ta Amurka nake zaune, sana'ata gyaran manyan motoci, sana'ar da na koya tun ina yaro a wani gareji kusa da Panteka a Kaduna. Mu uku abokan aiki muka haɗa kuɗi muka sayi wani ɗakin katako a duwatsun yankin Gunnison, a kan filin da aka taɓa haƙar ma'adinai. Tsayin wurin ya haura mita 3,000. Da bazara a-kori-kura tana kai ka har bakin ƙofa. Amma da dusar ƙanƙara ta zauna, motar share hanya iyakarta wata mararraba can ƙasa, daga nan sauran kilomita 11 sai yadda ka yi. Shekarar farko da babur ɗin ƙanƙara muka riƙa zuwa. Yana da gudu, yana da araha, amma ka gwada ɗaura masa tukunyar gas biyu da buhun shinkafa da yara uku, ka ga yadda za a ƙare. Uwargida ta hau sau ɗaya ta ce, "Malam, ni da wannan abu sai dai kallo."

Da na shiga neman sunokat na tarar iri-iri ne. Akwai Tucker Sno-Cat da ake ƙerawa a garin Medford na jihar Oregon, mai sarƙa huɗu da sitiyari kamar mota. Irinta ce Vivian Fuchs, wani mai bincike ɗan Birtaniya, da mutanensa suka ratsa nahiyar Antaktika da ita, suka tashi a Nuwamban 1957 suka sauka ranar 2 ga Maris 1958, kwana 99 a hanya. Akwai Snow Trac ta Suwidin mai ɗauke da injin Volkswagen, akwai Thiokol na garin Logan a Utah, akwai Bombardier ta Kanada, sai PistenBully ta Jamus da ake gyara filayen wasan zamiya da ita, wadda kuɗinta ba na irinmu ba ne. Tawa tsohuwa ce ta shekarun 1970, sarƙa biyu, ba sitiyari, sai sanduna biyu a gaban direba. Ka ja ta hagu, sarƙar hagu ta rage gudu, motar ta karkata hagu. Shi ke nan tuƙin.

Abin da ya ruɗe ni a wurin saye shi ne injin. Ina ɗaga murfi na ga Ford mai silinda shida a jere, lita 4.9, wanda aka yi ta ƙerawa daga 1965 har 1996. Duk bakaniken ƙasar nan ya san shi, kayansa kuma ko a ƙaramin shagon ƙauye za ka samu. Na cire fulogi na duba, na saurari ƙararsa, na shinshina baƙin mai, na leƙa lagireto. Lafiya lau. Sarƙa kuwa kallo ɗaya na yi mata, na ɗan harbe ta da ƙafa kamar mai sayen taya, na ce ta yi. Mai sayarwa yana tsaye bai ce uffan ba, ni ma ban tambaya ba. Ban ga laifinsa sosai ba, tunda da idona na zo.

Bari in fara ba ta haƙƙinta. Nauyinta ya kusa na a-kori-kura, amma saboda faɗin sarƙarta nauyin ya bazu, inda mutum zai taka ya nutse har ƙugu ita sai ta wuce a sama kamar kwalekwale. Mutum shida take ɗauka da kayansu, akwai hita, akwai rufi. Ranar da na kai surukata, tsohuwa mai ciwon gwiwa, har ƙofar ɗakin nan tana lulluɓe da bargo tana jan carbi tana kallon itatuwa sun yi fari fat, ranar na yafe wa motar rabin kuɗinta. Gudu dai babu. Kilomita 11 ɗin nan mukan ci su cikin awa ɗaya idan hanya ta kwanta, idan sabuwar dusa ta zubo awa biyu ma ba mamaki. Ƙara kuwa kamar kana zaune cikin injin niƙa, dole kowa ya toshe kunne, hira sai an sauka. Mai ma tana sha ba sauƙi, ba a lissafa mata da kilomita, da awa ake lissafi.

Tsayin dutse shi ma yana cin rabonsa. Iska a sama ba ta da kauri, injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke cusa masa ƙarin iska, yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da ka hau. A wurinmu ke nan kusan sulusin ƙarfin ya tafi kafin ka taka totur. Zuwan farko hayaƙi baƙi take fitarwa, fulogi duk sun yi kunkunniya, sai da na rage wa kafireto ƙofar mai ta daidaita da iskar wurin sannan ta saki jiki.

A hunturu na biyu ne, cikin Janairu, abin ya faru. Ni da babban ɗana muna sauka bayan la'asar, a wani gangare da hanyar ta karkace gefe guda. Na ja sandar dama da ƙarfi fiye da kima, sai na ji wani bam a ƙasa, motar ta juya ta tsaya a gicciye. Na sauka na ga sarƙar hagu ta zame daga kan tayoyinta, ɗaya daga cikin robobin ta yage.

Sai a ranar na kalli sarƙar nan da idon bakanike. Ba sarƙa ba ce irin ta katafilar gini, wadda ƙarfe ne zalla. Dogayen robobi ne masu kauri, irin na injin jigilar kaya a masana'anta, aka jera sandunan ƙarfe a gicciye a kansu, kowace sanda an ɗaure ta da noti. Sandunan su ne haƙoran da ke cizon dusa. A ciki ƙananan tayoyi ke birgima, wani babban gare mai haƙora kuma yana jan sarƙar. Robar tawa ta shekara da shekaru, duk ta tsattsage a bakin ramukan noti, amma ta ciki, inda sai ka kwanta da tocila za ka gani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, nawa bangon kuwa tun kafin in biya kuɗi yake a tsage.

Ma'aunin sanyi yana nuna 22 ƙasa da sifiri. Wanda bai taɓa riƙe sifana a irin wannan sanyi ba ba zai gane ba: da safar hannu ba ka iya kama noti, ka cire safar ƙarfe ya manne maka a fata. Minti biyu kana aiki, minti biyar hannunka na cikin hammata. Jak ma da na kafa nutsewa ya yi, sai da muka ɓalle katakon benci muka shimfiɗa masa. Yaron yana haska mini yana rawar ɗari, can ya ce, "Baba, mu koma sama da ƙafa mana." Da na dubi rana na ga gaskiyarsa. Muka ɗaura faffaɗan takalman tafiya kan dusa, muka taka kilomita huɗu muka koma ɗakin, muka hura wuta. Ruwan alwala sai da muka narkar da dusa, bokiti cike ya ba mu abin da bai cika buta ba. Washegari wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya fi shekara talatin yana hawa dutsen nan, ya zo da tasa motar da faci na roba da abin jan nan mai igiyar waya, muka haɗa bakin sarƙar muka ja ta ta koma mazauninta. Bai yi mini dariya ba. Ya dai ce inji ko'ina akwai shi, wanda ya sayi sunokat sarƙa ya saya.

Bazarar da ta biyo baya a kan sarƙar nan ta ƙare. Na shimfiɗa su biyun a tsakar gida, na kwance sanduna ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka lanƙwashe na miƙe su, waɗanda suka tsage na yi musu walda. Na sayi sabuwar roba, na auna, na huda ramuka da hannuna. Noti kuwa na daina ƙirga bayan na wuce 600, kuma duka sababbi na sa, masu roba a ciki da ba sa warwarewa da girgiza. Ƙananan tayoyin na kai aka cika su da kumfa mai tauri maimakon iska, don taya ɗaya ta sace a hanya ita ma tana iya zubar da sarƙa. Kuɗin da na kashe a nan ya kusa sulusin abin da na sayi motar. Maigidana na Kaduna, Allah ya jiƙansa, yakan ce ba a fafe gora ranar tafiya. Da yana raye da ya ja mini kunne.

Tun daga nan na ɗauki wasu al'adu da ba na tsallakewa. Da mun isa, kafin in shiga in sha shayi, sai na bi sarƙa da sanda na kakkaɓe dusar da ta cushe tsakanin tayoyi, domin idan ta kwana ta daskare, da safe ko ka fasa roba ko ka karya wani abu. A kan katako nake ajiye ta don kada ta manne da ƙasa. Giris nake dura wa boris ɗin tayoyin akai-akai, ba don ya ƙare ba, don ya turo ruwan da ya shiga. Tanki a cike nake barinsa saboda raɓa, kuma fetur marar etanol, wato sinadarin da ake gauraya wa fetur, nake nema, don mai etanol yana jan ruwa, idan ya yi watanni a zaune ya toshe kafireto. Ruwan lagireto rabi da rabi ne da maganin daskarewa, wannan yana kai ka har wajen digiri 37 ƙasa da sifiri a ma'aunin Celsius. Batir idan za mu kwana biyu cire shi nake in shigar ɗaki, sanyi yana tsotse shi. Salansa ma ina bin ta da hannu ina neman ɓuli, na kuma rataya na'urar da ke ƙara idan hayaƙi mai guba ya taru a ciki, domin tagogi a rufe suke, hayaƙin nan kuma ba ya wari.

Abin dariya, ɓarnar bazara ta fi ta hunturu. Ɓeraye sun taɓa yin sheƙa a cikin matatar iska, beguwa kuma ta ci mini tiyon lagireto har da gefen taya. Yanzu ragar waya nake kewaye motar da ita.

Akwai abin da gyara ba ya magani, wato zaftarewar dusa daga kan dutse. Kolorado ce kan gaba a jihohin Amurka wajen mutuwa ta wannan hanya, kuma yawanci daga gangare mai karkatar digiri 30 zuwa 45 take ɓallowa. Hanyarmu tana ratsa ƙarƙashin irin wannan gangare a wuri ɗaya. Cibiyar jihar mai lura da zaftarewar dusa tana fitar da hasashe kullum, matakin haɗari biyar ne, ni dai idan ta kai na uku ba na tashi, ko yara sun yi fushi. Waya ba ta da sabis a can, don haka ina da ƙaramar na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan Adam a aljihun rigata, ba a cikin mota ba. Shebur, takalman dusa na kowa da kowa, ashana da bargo ba sa sauka daga bayanta.

Shin zan ce wani ya saya? Idan kai kaɗai ne ko kai da aboki, kayanku jaka ɗaya, babur ɗin ƙanƙara ya ishe ka, ka huta da tirela da babbar motar jan ta, waɗanda su ma wani kuɗi ne da ban lissafa ba da farko. Idan kuwa iyali za ka ɗauka da tsofaffi da tukunyar gas da itace, ban san abin da ya kai ta ba. Sharaɗin dai hannunka ya san sifana, domin bakaniken da zai hau dutse ya same ka kuɗin zuwansa kaɗai ya isa ka yi kuka. Ranar dubawa kuma ka tafi da tocila da tabarma, ka kwanta ƙarƙashi ka lanƙwasa robar da hannu a bakin kowane noti, kafin ma ka ce a tayar maka da inji.

Tawa yanzu sandar hagu ta fara nisa kafin ta kama, alamar birkin juyawa na ciki ya cinye. Na riga na sayi sabo yana kan benci a gareji. Yaron ya ce bana shi zai buɗe akwatin birkin da kansa, ni in riƙe masa tocila.