Hattara da mai sayar da tsohon fulin karanshaf da sunan sabo

Jama'a masu tsofaffin motoci, musamman ku da kuka saba ɗaga bonet ku yi gyaranku da kanku a gida, ku buɗe ido. Akwai wani mutum a shafukan saye da sayarwa na intanet da ke tallar fulin karanshaf, wato babban fulin nan na ƙasan inji ta gaba wanda ke juya bel (karanshaf ɗin shi ne babban sandan ƙarfen da ke juyawa a cikin inji). Cewa yake sabo ne dal, na kamfani, ragowar kayan wani dila da ya tashi daga sana'a, shi ya sa ya karya kuɗin. Ƙarya yake yi. Tsofaffi ne da aka kwance daga matattun motoci, aka kankare tsatsa, aka fesa baƙin fenti, aka naɗe a leda aka jefa a kwali. Ɗaya ya iso hannuna, wani kuma ya isa hannun wani abokina. Ambaton sunan shafin ba zai amfane ku ba, domin da zarar ƙorafi ya yi yawa sai ya rufe ya buɗe wani da sabon suna, hotunan dai su ne ba sa canzawa.

Abin da ya sa wannan damfara ke cin mutane shi ne yawancinmu kallon dunƙulen ƙarfe muke yi wa fulin, alhali a motoci da yawa gida biyu ne. Akwai cibiya da ke zama a kan karanshaf, akwai zobe na waje mai layukan da bel ke bi, sannan a tsakaninsu akwai roba da aka manne su da ita tun daga masana'anta. Robar nan ita ce ran fulin. Duk fashewar da mai ya yi a silinda sai ya ɗan murɗa karanshaf, ya sake shi, ya kuma murɗawa. Inji mai silinda 4 yana yin wannan fashewa sau 2 a kowane juyi, ke nan idan yana juyi 3,000 a minti, bugu 100 ke sauka a kan karanshaf cikin daƙiƙa guda. Robar da nauyin zoben su ke shanye wannan girgiza. Ƙarfe zai iya shekaru yana nan garau, amma roba zafin inji yana busar da ita, baƙin mai yana narkar da ita, sai ta tsattsage ta saki zoben. To wannan wurin da ya mutu shi ne daidai inda mutumin nan yake ɓoyewa.

Fulin da ya turo mini kyan ɗan maciji ne da shi. Sheƙi yake yi ta ko'ina, har da takarda mai lamba a jikin kwalin. Sai da na kai shi haske na ga fentin ya rufe har robar, abin da ban taɓa gani a sabon fuli irin na motata ba. Na sa farce na danna, sai wani abu mai laushi ya ɓanɓaro kamar cingam. Baƙin gam ne aka cusa a cikin tsagar robar aka shafe da yatsa, a wani wurin ma shatin yatsan yana nan a ƙarƙashin fenti. Da na juya bayansa, wuyan cibiyar inda sil ɗin mai, wato robar da ke hana baƙin mai yoyo, ke gogawa ya riga ya ci, ya yi zobe mai zurfin da farce ke maƙalewa. Sabon ƙarfe ba ya zuwa da wannan. Ramin makullin da ke riƙe fulin a kan karanshaf shi ma bakinsa ya buɗe ta gefe guda, alamar ya daɗe yana aiki a wani inji.

Na abokina ya fi muni. Robarsa ta mutu gaba ɗaya, sai aka ɗiɗɗiga walda aka haɗe zoben da cibiyar ta baya, aka goge, aka rufe da fenti. Irin wannan zai juya bel lafiya lau, har mutum ya ɗauka ya yi dace. Amma babu sauran abin da ke shanye girgiza, duk tana komawa kan karanshaf, a hankali ƙarfen ya gaji, yana ma iya tsagewa. Injin dizal da mai silinda 6 a jere su suka fi jin wannan a jikinsu. Idan kuma waldar ta karkace ko kaɗan, fulin zai riƙa rawa, ya cinye gefen bel, ya jigata altaneta, wato na'urar da ke cajin batir.

Salon mutumin ɗaya ne. Kuɗi gaba ɗaya kafin ya turo kaya. Hoto ta fuskar gaba kawai, ka roƙi na baya ya ce kayan na sito. Ka tambaye shi lambar kamfani, ya ce kai dai faɗi sunan motar, duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne: mota iri guda tana iya zuwa da inji daban-daban, kuma faɗin fuli da yawan layukansa suna bambanta. Bel mai rubutun 6PK layi 6 gare shi, 5PK kuma 5, dole fulin ya dace da shi. Sannan kullum cikin gaggawa yake, wai guda ɗaya ta rage kuma wani na jira. Bayan kuɗi sun shiga, ka yi ƙorafi, amsarsa ita ce kai ka lalata shi wajen ɗaurawa.

A nan ne ya fi ba ni haushi, domin shawarar ɗaurawar ma da yake bayarwa ta ɓarna ce, kuma ina ganin da gangan ne don ya sami mafaka. Yana ce wa mutane su buga fulin da guduma ya shiga. Kada ku yi. Bugun yana tafiya kai tsaye cikin inji ya taɓa abin da ke tare karanshaf daga yin gaba da baya. Akwai abin matsawa mai zare da ake tura shi da shi a hankali. Wajen cire tsohon kuma, abin jan da ake ɗaurewa a ramukan cibiya ake so, mai farata da ke kama zoben waje yana yage roba. Yana kuma cewa a mayar da tsohuwar ƙusar tsakiya, wadda ke ɗaure fulin a kan karanshaf, a ɗaure iya ƙarfin hannu. A injuna da dama ƙusar nan sau ɗaya ake amfani da ita, saboda tana miƙewa idan an ɗaure ta, kuma tana da ma'aunin ɗauri da littafin motar ya faɗa. Wasu injunan ma ba su da makulli, ƙusar ce kaɗai ke riƙe da saitin lokacin inji, sai an kulle karanshaf da kayan aikinsa kafin a kwance ta. Wanda bai duba wannan ba yana iya wayar gari da lanƙwasassun bawul, wato murafan da ke buɗewa da rufewa a saman silinda.

Idan ka riga ka ɗaura irin wannan fulin, ga gwaji mai sauƙi. Kashe inji, ka ja layi ɗaya da alli ko farin fenti daga cibiya, ya ratsa roba, ya hau zobe. Ka yi amfani da motar, ka sake kashewa ka duba. In layin ya rabu biyu, zoben yana zamewa, a cire shi. Haka in ka tsaya nesa da bel ka ga fulin na rawa, ko fitilar batir na kamawa tana ɗaukewa, ko sitiyari ya yi nauyi, ko mai ya fara ɗiga ta bayan fulin. A motar da bel ɗin ke juya famfon ruwa, zoben na ficewa inji zai ɗauki zafi nan take.

Wanda bai biya ba tukuna, ya nemi bidiyon bayan fulin da robar a kusa, da lambar da ke jikin ƙarfen, ya gwada ta da ta tsohon nasa. Wanda ya biya kuwa, kada ya jefar da kwalin. Ya ɗauki hoton gam ɗin da waldar kafin ya kankare, ya adana hirarsu da shaidar biyan kuɗi, ya kai ƙorafi ga masu shafin da kuma bankin da kuɗin suka bi tun mutumin bai sauya suna ba.