Kwas ɗin koyon tsara biki a Bauchi: me ɗaliba ke samu da kuɗinta?

Da wuya wata ya wuce ba a ga wata mai kwalliyar wuraren biki a garin Bauchi ta saki talla a Instagram ko a sitatus ɗin WhatsApp cewa ta buɗe sabon aji ba. Tsarin kusan ɗaya ne ko'ina, daga Wunti zuwa Fadaman Mada har unguwannin ɗalibai na Yelwa da Gwallameji. Mako huɗu zuwa takwas ne, a shagon malamar ko a harabar gidanta, ɗalibai kaɗan, mafi yawansu mata, a ƙarshe a yi ƙaramin bikin yaye a miƙa satifiket. Abin da ke rubuce a tallan shi ne koyon tsara taro da biki. Abin da ke cikin buhun kuwa kwalliyar wuri ce. Ita kwalliyar ana koyar da ita da kyau, ta kuma cancanci kuɗinta. Amma wadda ta biya da niyyar ta fito ta riƙe bikin mutum 300 tun daga kafa rumfa har kwashe kujeru, rabin kaya aka ba ta.

A fara da yabo, don akwai abin yabawa. Hannu yana faɗawa a waɗannan azuzuwa fiye da yadda zai faɗa a kowane ɗakin lacca. Ɗaurin labule shi ne ƙashin bayan kwas ɗin, kuma tun makon farko ɗaliba ke gane abin da ya sa bangon da ta gani a hoto yake cika ido, nata kuma yake fitowa kamar shanya: yadi ne bai isa ba. Ana ninka faɗin bango sau biyu zuwa uku, wato bango mai faɗin yadi 10 yana cin yadi 20 zuwa 30 kafin tattarar ta zauna. Malama ta ƙwarai za ta nuna yadda ake fara tattara da fil daga tsakiya a yi gefe-gefe, saboda in aka faro daga kusurwa ɗaya yadin kan ƙare a bar ɗaya kusurwar tsirara. Za ta nuna yadda ake ɓoye ƙarafan da ke riƙe da labulen, da yadda ake danne gindinsu da bulo ko buhun yashi don kada yaro ya jingina bango ya biyo shi.

Haka balan-balan. Mai inci 12 ba a busa ta ta cika, a inci 9 ko 10 ake tsayawa a bar wa iska wurin buɗewa. Ana ɗaure su huɗu-huɗu a jera a igiya, kuma bakan ƙofa ɗaya yakan ci wajen 100 zuwa 120. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin Bauchi ke taɓa digiri 40, baƙa da shuɗiya mai duhu su ke fara fashewa a rana. Da hunturu kuma ƙura ke dusashe ƙyallinsu cikin 'yan sa'o'i. Shi ya sa ake busa su a ranar bikin, a inuwa. Ƙari a kan haka, ɗaliba tana fita da sanin kasuwa: yadi da bandir daga Kantin Kwari a Kano ya fi sauƙi, fil da zare da gam da ribon kuma ba sai an bar kasuwar Wunti ba. Irin wannan sani a bakin 'yan sana'a kaɗai ake samunsa, kuma shi kaɗai ma ya isa a ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Inda kwas ɗin ke yin shiru shi ne lissafi, alhali biki lissafi ne kafin ya zama ado.

Na farko ƙidayar mutane. Katin gayyata 200 a ƙasar Hausa ba ya nufin mutum 200. Mace ɗaya za ta zo kamu da ƙanwarta da 'yar riƙonta da goyo, ga 'yan gayyar soɗi. In ba a sa masu duba kati a ƙofa ba, a taron mata irin su kamu da wuni mai tsari kan ƙara sulusi zuwa rabi a kan adadin katin, kuma wannan ƙarin shi ke yanke yawan kujera da abinci da ruwa. Kanofi mai ƙafa 20 da 20 yana ɗaukar kujerun roba wajen 50 in layi-layi aka jera su. In tebura masu zagaye za a sa, huɗu yake ɗauka, kowane da mutum takwas, wato 32. To mutum 300 kanofi shida ne a jeren layi, amma goma ne in da tebura. Ɗalibar da ba a koya mata wannan ba za ta yi odar shida, ta shimfiɗa tebura masu kyau, sannan ta tsaya tana kallon dangin ango a tsaye cikin rana.

Wutar lantarki ita ce babbar ɓaraka, kuma a nan ne bukukuwa suka fi lalacewa. Ba a ɗora biki a kan wutar gari, janareta ne madogara, shi kuma ba da ido ake zaɓensa ba. A rubuta duk abin da zai ja wuta. Misali zauren da ke da manyan esi (na'urorin sanyaya ɗaki) na tsaye guda huɗu masu ƙarfin doki biyar-biyar: kowace tana jan kilowat huɗu ko kusa da haka, 16 ke nan. A ƙara kilowat uku na kayan sauti, biyu na fitilu, ɗaya na fankoki da firiza, an samu kilowat 22. Lambar da ke jikin janareta kVA ce, ba kilowat ba, kuma kashi 80 cikin 100 nata ne ke zama kilowat. Saboda haka a raba 22 da 0.8, ya ba da 27.5. Janareta mai kVA 30 zai ɗauka a takarda, amma a bakin iyakarsa zai yi ta aiki, kuma esi na fizgar wuta ninki biyu ko uku a lokacin tashi. Da biyu sun tashi tare sai inji ya shaƙe ya mutu, galibi daidai lokacin shigowar amarya da di-je ya ƙure sauti. Mai 40 ake nema, a kuma kunna esi ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan nauyi yana shan dizal lita shida zuwa bakwai a awa, kuma a tuna sai an kunna awa biyu kafin baƙi su iso don zauren ya yi sanyi, don haka dinar awa biyar tana buƙatar lita 50 a ajiye, ba a ce za a aika yaro gidan mai ba. Sai waya: mai kaurin milimita 1.5 ta fitila ce, soket na son 2.5, esi kuma kowace da layinta. Wayar da aka bari a naɗe a kan faifanta tana ɗaukar zafi har ta narke, dole a warware ta duka. Kayan sauti a ware musu nasu layin, in ba haka ba kowane tashin esi sai lasifika ta yi ƙara. Duk wannan bai fi darasin kwana biyu ba in aka gayyato mai gyaran wuta ya tsaya gaban aji, amma da wuya a ga kwas ɗin da ya yi hakan.

Abinci ma ana wuce shi da cewa aikin mai girki ne. Gaskiya ne, amma mai tsara biki ce za a zaga in bai isa ba. Kilo ɗaya na ɗanyar shinkafa yana ciyar da mutum bakwai ko takwas, buhu mai kilo 50 kuma yana fitar da robar tekawe 300 zuwa 400 gwargwadon yadda ake cika ta. Ruwan leda guda 20 ne a jaka, kuma da bazara a yi wa kowane baƙo lissafin uku. Abin da ya fi adadi muhimmanci shi ne lokaci. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a ajiye ba tare da yana da zafi sama da digiri 60 ko sanyi ƙasa da digiri 5 ba. Soyayyar shinkafa mai kayan lambu da hanta da aka rufe a roba tun hantsi, aka jibge a bayan mota, aka raba bayan La'asar, ita ce ke yin yami, ita ce kuma ke kwantar da mutane washegari. Salak mai mayonis ya fi ta saurin lalacewa. Maganin shi ne abinci ya zauna da zafinsa a kula, a zuba a roba dab da rabo.

Akwai kuma abin da ya shafi rai, wanda rashinsa a manhajar ya fi komai damuna. Ana koya wa ɗaliba ta lulluɓe kowane bango da yadi, ba a gaya mata kada ta rufe ƙofar fita ba. Yawancin yadin kwalliya na roba ne, yana narkewa ya kama da wuta in ya jingina da fitila mai zafi, shi ya sa fitilun LED suka fi aminci a bayan labule. Tukunyar kashe gobara ta kasance kusa da janareta, wata kusa da dandamalin amarya, janaretan kuma a waje nesa da taga saboda hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji warinsa ba. Duk ɗan Bauchi yana tuna guguwar watan Yunin 2018 da ta yaye rufin gidaje ta karya turakun wuta. Iskar farkon damina da ba ta kai rabin wannan ba ta isa ta ɗaga kanofin da aka aza kawai a ƙasa. Kowace ƙafa sai an kafe ta da turke an ɗaure da igiya, in kan siminti ne a danne ta da nauyi.

Jadawalin ranar biki shi ma ba a zama a kansa. Taron da aka ce ƙarfe huɗu, bayan La'asar, awa biyu da 'yan mintoci gare shi kafin Magariba ta watsa shi. In amarya ta makara wurin kwalliya da awa ɗaya, rabin shirin ya tafi. Mai tsari tana rubuta komai da lokacinsa, ta ba emsi da di-je da mai hoto da mai girki kowa kwafinsa, ta tanadi ruwan alwala da butoci da tabarmi. Ta kuma san cewa sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya hana liƙi da tattaka naira, da hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma a 2024 an ga EFCC ta kai mutane kotu a kan haka. Tire ko kwando a gaban amarya ya raba gardama.

Batun kuɗi kuwa, ana koyar da yadda ake yi wa kwalliya farashi sama-sama, amma ba a koyar da rubuta yarjejeniya. A nan sababbin shiga ke karyewa. A rubuta abin da za a kawo da adadinsa, nawa ne kafin alƙalami, a kuma ce ciko kwana ɗaya kafin biki, domin bayan an kai amarya neman ciko ya zama bara. Farashin da aka faɗa a sa masa wa'adin mako biyu, tunda dizal da yadi ba sa zama wuri ɗaya. Kujerun haya a ƙirga su gaban mai su lokacin saukewa da lokacin mayarwa, a kuma rubuta wa zai biya wadda ta karye ko ta ɓata.

To ina za a samu wannan rabin da ya rage? A Ingila jami'o'i suna ba da digirin shekara uku a kan tsara taruka kaɗai. A nan gida galibi yana zuwa ne a cikin karatun kula da baƙi da yawon buɗe ido. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji, kan hanyar Dass, tana da waɗannan sassa: ƙaramar difloma shekara biyu ta hanyar JAMB, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, sannan babbar difloma shekara biyu. A irin wannan karatu ake zama a kan lissafin kuɗin abinci, tsaftarsa, da ajiye littafin ciniki. Cibiyar NIHOTOUR ta gwamnatin tarayya, mai horar da harkar kula da baƙi da yawon buɗe ido, ita ma tana da reshe a Bauchi, tana kuma ba da gajerun kwasa-kwasai. Wadda ke son aikin otal ko tarukan gwamnati da na ƙungiyoyi, inda ake tambayar takarda, wannan ce hanyarta, sai ta haɗa da ajin kwalliya a lokacin hutu. Wadda kuma burinta bukukuwan unguwa, ajin mako shida ya ishe ta farawa, muddin ta bi bayansa da wata uku ko shida tana bin wata gogaggiya wurin aiki, ta kuma yi rajistar sunan sana'arta a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC kafin ta fara karɓar kuɗin mutane.

Kafin ki biya, 'yar'uwa, ki tambayi malamar ko kuɗin ya haɗa da kayan gwaji, don wasu sai an fara aji ake miƙo jerin abin da za a sayo. Ki tambaya mutum nawa ne a ajin, saboda in kun haura goma sha biyar a kan bango ɗaya kallo za ki biya. Ki nemi ganin aikin ɗalibanta na baya, ba nata ba. Sannan ki tambaya ko za ta tafi da ke biki na gaske aƙalla sau biyu, kuma ki roƙa a bar ki har lokacin kwashe kaya da dare, lokacin da ake ƙirga kujeru da fitilar waya, ana ware yadin da miya ta ɓata, mai janareta na tsaye yana jiran cikonsa.