Ruwaƙ a bakin tekun Rayis: yadin ya biya kuɗinsa, turakun kuwa sai a hankali

Duk mai iyali a Madina ya san daga ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu ake ƙarasa cin moriyar bakin teku, kafin zafin Hijaz ya kankama kowa ya lafe a ɗaki. Mu Rayis, wani gari a bakin Bahar Maliya, muke zuwa ta hanyar Badar, wani lokaci mu zarce Yanbu. Da rana akwai zafi, ba musu. Amma daga La'asar iska take tasowa, kuma bayan Isha, in yaro ya shiga ruwa ya fito, sai ka ga haƙoransa suna haɗuwa, a shiga neman rigar sanyi a mota. Saboda wannan iskar na sayi ruwaƙ, dogon yadin nan mai ƙarafuna da Larabawa suke kafawa su kewaye wurin zamansu in sun fita.

A wani shagon kayan fita daji na same shi, riyal ɗari biyu da 'yan kai bayan an ja ciniki. Tsawonsa mita 10, tsayinsa ya kai ƙirjin babban mutum. Yadin mai kauri ne, cikinsa ja da baƙi irin adon tantin Badawiyyai, ƙarafunan kuma a ɗinke suke cikin yadin, ba sai ka tsaya zura su ɗaya bayan ɗaya ba. Akwai jaka, igiyoyi da turaku.

Kafin a yi wa kayan hukunci, a san irin iskar da zai yi kokawa da ita. A arewacin Bahar Maliya kusan duk shekara daga arewa maso yamma take kaɗawa, tana bin tsawon tekun. Da rana ƙasa tana riga ruwa ɗaukar zafi, iskar tudu ta yi sama, ta teku mai sanyi ta kwararo ta maye gurbinta, shi ya sa tsakanin Azahar da Magariba take fin ƙarfi, ta kuma ɗan karkato yamma. Tsohuwar tashar Al-Jar tana nan kusa da Rayis, inda jiragen hatsi daga Masar suka sauke kaya don mutanen Madina a zamanin Sayyidina Umar. Iskar da ta koro waɗancan jiragen kudu ita ce yau take kifar mana da kofunan shayi.

Wajen tare ta, ruwaƙin ya yi abin da aka saye shi dominsa. A da murhun gas ba ya zama, wutar ta kwanta gefe ɗaya ta mutu, buta ta yi ta zama ba ta tafasa ba. Yanzu a gindin yadin nake ajiye murhun, ɗan nesa kaɗan don gudun gobara, wutar tana tsaye shuɗiya. Mun soya kifin da muka saya a can, uwargida ta zuba sayadiyya, wato dafa-dukan shinkafa da kifi, a faranti, aka ci aka tashi babu ƙasa a haƙori. Hajiyarmu, wadda ba ta cika yabon kayan zamani ba, ta kurɓi shayinta ta ce, "Allah ya yi maka albarka, yau dai na sha shayi, ba kunun yashi ba." Ta kuma cire mayafi ta miƙe ƙafa, domin yadin sutura ne, masu wucewa ba sa ganin na zaune. Ga mata wannan ya fi tare iskar ma muhimmanci. Wani daɗin kuma, alƙibla daga can kudu maso gabas take, don haka in an tayar da salla yadin yana bayanka, darduma ba ta naɗewa a ƙarƙashin goshi.

Turakun ne abin takaici. 'Yan gajeru ne, sirara, ba su wuce taƙi ɗaya ba, kayan ƙasa mai tauri ne aka haɗo wa mai zuwa bakin teku. A rairayi kana bugawa suna shigewa ba gardama, iska tana bugowa suna fitowa ba gardama. Da La'asar ta yi, gefe guda ya tuge ya faɗo kan yara, igiya tana ta bulala. Kawuna da ke zaune yana kallo ya ce, "Ɗan nan, zanar gida tana barin iska ta ratsa ta, shi ya sa take shekara a tsaye. Wannan naka ya ce sai ya tare ta duka." Gaskiyarsa. Yadin ba ya da ƙofar da iska za ta bi, duk nauyinta a kan igiya da turke yake sauka, kuma masu haɗa kayan sun yi rowa daidai wurin da bai kamata ba.

Maganin bai kai riyal ashirin ba. Na je wurin masu walda aka yanko mini rodi, kowane guntu ya kai kamu ɗaya, aka lanƙwasa kansa. A inda yashi ya yi laushi sosai kuwa, tsofaffin buhunan shinkafa nake cikawa da yashi, in ɗaure igiya a wuyansu in binne. Kuma ba a miƙe sambal ake kafa shi ba, a lanƙwashe ake yi, bayan lanƙwasar yana kallon inda iska take fitowa, sai ta zame ta gefe biyu. In an ajiye mota a wannan ɓangaren aka ɗaure igiya ɗaya a ƙafarta, an gama. Mutum biyu sun isa kafawa. Mutum ɗaya cikin iska, kada ma ya fara.

Akwai abin da ba gyara: iska daga wajen teku take zuwa, saboda haka yadin yana rufe maka rabin tekun da ka yi tafiyar kusan awa biyu don ka gani. A zaune faɗuwar rana ba ta ganuwa sai ka miƙe. Mai ƙananan yara kuma dole wani babba ya zauna a bakin yadin, ido a kan ruwa.

Sai gishiri. Bahar Maliya tana cikin tekunan da suka fi gishiri a duniya, kuma raɓar dare a can ba wasa ba ce. Ƙasan ƙarafunan ya fara jan tsatsa tun kakar ba ta ƙare ba, tsatsar har ta ɓata yadin a wurare biyu. Yanzu da mun dawo nake watsa masa ruwan famfo in shanya a soro, ba na naɗe shi da laima. Zif ɗin jakar ya mutu tuni, da igiya nake ɗaurewa.

Mai fita da iyali, musamman da tsofaffi da mata, ya saya, amma ya ɗaga ya ji nauyinsa a shago, mai sauƙin nauyi ba zai kai labari a Rayis ba. Ya tambayi mai shago ko akwai dogayen turaku na yashi, in babu ya biya ta wurin mai walda kafin ya kama hanyar Badar. Samari masu zuwa kamun kifi su biyu ko uku, motarsu ma ta ishe su kariya.