Tsohon gilashin hure ko na inji: me za ki duba kafin ki sa a kabad?

A Zariya jeren ɗakin mace ya daɗe da tashi daga ƙorai da tasoshi ya koma kabad. Yanzu wasu na neman tsofaffin kofuna da faranti da jug na gilashin da aka hura da baki, don ado kawai. Sai dai mafi yawan abin da ɗan gwanjo zai miƙo miki a kasuwar Sabon Gari yana cewa "tsohon yayi ne, Hajiya", aikin inji ne.

Fara kifa shi ki duba gindin. Mai hura gilashi yana ɗibar narkakken gilashi a bakin bututun ƙarfe ya hura, sannan ya manna sandar ƙarfe a gindin don ya samu damar gyara baki. In ya ɓalle sandar sai tabo ya zauna, ko mai kaushi, ko ɗan zagayayyen rami da aka goge sumul. Na inji kuwa za ki ga siririn layi a gefe, wurin da ɓari biyu na mazubi suka haɗu. Amma tabo shaidar aikin hannu ne kawai, bai nuna shekaru ba. Shekaru suna bayyana a zoben gindin da ke taɓa tebur: ƙananan ƙarce a warwatse ta kowace fuska. In ƙarcen sun bi layi ɗaya reras, da gangan aka goga.

A cikin gilasan hure, na Murano shi ne kan gaba wajen launi. Tsibiri ne kusa da Benis a Italiya, inda aka tattara masu aikin gilashi tun 1291. Launinsa a cikin naman gilashin yake, har da zare-zaren fari ko ɗigon zinare, ba fenti ba ne da farce zai kankare. Jabunsa ya cika duniya, don haka kada takardar da aka liƙa masa ta ruɗe ki.

Na Bohemiya, a ƙasar Cek, da kiristal na Ingila masu nauyi ne, an hura su sannan an yanka musu zane a kan dutsen wasi. Bakin zanen yana da kaifi a yatsa, na mazubi kuwa a dakushe yake. Ƙyasta shi da farce: mai kyau zai yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa. Kiristal yana ɗauke da dalma, saboda haka kada a bar zoɓo ko lemo ya kwana a ciki, tsami na jawo dalmar cikin abin sha.

Na Alƙahira, shuɗi ko kore mai ƙananan kumfa a jiki, daga fasassun kwalabe ake narka shi. Yana da kyau a ido da sauƙin kuɗi, amma yawanci sabo ne, kuma ba ya jure bugu.

A ganinmu, mai kabad da ke samun hasken fitila ta ɗauki kiristal guda biyu ko uku masu lafiya, sun fi saiti mai guda goma sha biyu na tantama.

Kafin ki biya, zagaya bakin da yatsa ki ji ko akwai ɓalli, ki ɗaga shi a rana ki nemi tsaga. Mai tsaga ƙararsa a toshe take. Haska tocilar duba kuɗi, gam ɗin da aka yi ɗori da shi yakan fito da wani launi daban. Hazon da ke cikin jug iri biyu ne: na ruwan rijiya yana fita da ruwan khal, wanda kuwa ya ɓace in an jiƙa ya dawo in ya bushe, gilashin ne ya ciwu, ba ya gyaruwa.

Ƙurar hunturu na da yashi, in kin goge a bushe za ta ƙarce shi. Shimfiɗa tawul a roba, ki wanke ɗaya bayan ɗaya da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu kaɗan. Ruwan zafi kan tsaga shi nan take, musamman da sanyin safiya, domin wurin da ke da kauri da mai siriri ba sa buɗewa tare.