Katirijin Cikawa a Babbar Firinta: Yadda Na Same Su da Matsalar Cif

Ina da shagon buga zane a Samaru, kuma mafi yawan masu kawo mini aiki ɗaliban zanen gine-gine ne da na injiniya daga Jami'ar Ahmadu Bello, sai 'yan kwangila da masu safiyo da ke zuwa daga Sabon Gari da Tudun Wada. Injina mai faɗin inci 44 ne, yana ɗaukar takardar A1 da A0 ba tare da wahala ba. Tsadar katirij na asali ce ta sa na sayi jerin katirijin da ake sake cikawa da tawada daga wani dillali, kowanne da cif ɗinsa, wato ɗan ƙaramin allon lantarki da ke riƙe lissafin tawada, mai sabunta lissafin da kansa. Na yi aiki da su tun daga damina har hunturu ya shiga ya fita, kuma ra'ayina shi ne sun biya kuɗinsu, amma ba kaya ba ne da mutum zai saya ya zura a inji ya manta da su.

Duk wanda ya yi amfani da irin waɗannan katirij ya san saƙon da ke fitowa a allon injin yana cewa bai gane katirij ba. Manyan kamfanoni irin su Epson, Canon da HP duk suna manna ɗan ƙaramin cif a jikin katirij, wanda ke ɗauke da bayanin launi da samfurin injin da aka yi shi dominsa da kuma lissafin tawadar da ta rage. A yawancin injuna cif ɗin ba ya auna tawada da kansa. Injin ne ke ƙididdige abin da ya fesa a takarda da abin da ya sha wajen wanke kan bugawa, wato ɓangaren da ke fesa tawada a takarda, sannan ya rubuta sakamakon a kan cif. Saboda haka idan magana ta yanke tsakanin su biyun, injin zai tsaya cik ko da katirijin cike yake har baki.

Wannan maganar kuwa ta 'yan faranti ne masu ruwan zinariya a fuskar cif take bi, waɗanda ke haɗuwa da wasu siraran allurai masu sifirin a cikin ramin katirij. A nan Zariya, abin da ya fi katse ta shi ne ƙura. Lokacin hunturu na ciro katirijin launin shuɗi da injin ya ƙi karɓa, na haska shi da tocilan waya, sai na ga wani siririn danƙo ya rufe faranti biyu daga ciki: ɗigon tawada ne da ya zuba wajen cikawa, ƙura ta zauna a kansa ya bushe. Na kashe injin, na cire shi daga soket, na goge cif ɗin da ƙyalle marar gashi da na ɗan jiƙa da sinadarin aisofuropil, irin wanda masu gyaran waya ke wanke allon na'ura da shi, na bari ya bushe sarai kafin na mayar. Injin ya karɓa nan take. Mafi yawan lokutan da saƙon ya fito mini, maganinsa ke nan, shi ya sa nake jin takaici idan na ga abokin sana'a ya yar da cif mai lafiya ya sayi sabo.

Inda kayan suka gaza a wurina shi ne yadda aka zaunar da cif a jikin robar. A katirij na asali cif yana zaune daram, amma a waɗannan akwai wanda ya zo a ɗan karkace a cikin gurbinsa, ta yadda allura ɗaya ke sauka a gefen farantinta maimakon tsakiya. Yau injin ya gane shi, gobe ya ƙi. Irin wannan ya fi lalataccen cif ban haushi, domin yakan bari a fara buga zanen ɗalibin da ke da gabatarwa washegari, sannan ya tsaya a rabin takarda. Sai da na daidaita shi da hannu na danne shi a gurbinsa kafin ya zauna lafiya. Ina kuma gargaɗin kada a tura katirij da ƙarfi idan ya cije, domin allurar da ta lanƙwashe a cikin rami aikin mai gyara ce, kuma kuɗinta ya fi na cif nesa ba kusa ba.

Akwai wani hali na injin da ke ruɗa mutane, wato cif ɗaya ya samu matsala amma allo ya nuna cewa duk launukan ba a gane su ba. Hanyar da nake bi ita ce in mayar da tsofaffin katirij na asali gaba ɗaya, sannan in riƙa musanya su da na cikawa ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya bayyana. Don haka ban yarda a zubar da katirij na asali ba ko da sun kusa ƙarewa. Haka nan injunan da ke da baƙi iri biyu, na takarda mai sheƙi da na marar sheƙi, kowanne da cif ɗinsa da raminsa. Yaron shago yana iya sauya musu wuri tunda a ido duk baƙi ne, injin kuwa ba zai karɓa ba.

Abin da ya sa na amince da dillalin tun farko tambaya ce guda da ya yi mini kafin ya karɓi kuɗi. Ya ce, "Malam, ka fara karanto mini lambar manhajar da ke cikin injinka, domin kada in ba ka cif ɗin da ba zai yi maka aiki ba." Gaskiya ya faɗa, saboda kamfanoni kan sabunta manhajar injin ta intanet, kuma sabuntawar tana iya sa cif ɗin da ba na asali ba ya daina aiki baki ɗaya, wanda gogewa ko daidaitawa ba za su gyara ba. Ya nuna mini inda zan kashe sabuntawa ta kai tsaye, a injin da kuma a kwamfutar da ke haɗe da shi. Dillalin da bai yi wa mai saye wannan tambaya ba, a ganina bai san kayan da yake sayarwa ba.

Shi kansa sabunta lissafin yana buƙatar lura. Cif ɗin ba ya komawa cikakke sai injin ya kai ga cewa tawada ta ƙare, a ciro katirij a cika a mayar. Hatsarin yana ta ɗaya ɓangaren: allo zai iya nuna rabi alhali robar ta kusa bushewa, kuma idan iska ta shiga bututun tawada, kan bugawa ne zai ji jiki, shi ne kuma mafi tsada a cikin injin. Robar waɗannan katirij garai-garai take, ana ganin tawadar a ciki, kuma na yaba da hakan ƙwarai, domin kowace safiya da ido nake dubawa ba da allo ba.

Wutar lantarki ma tana da nata rabon. Ɗaukewar wuta a daidai lokacin da injin ke rubutu a kan cif na iya dagula bayanin da ke ciki, shi ya sa injina yake haɗe da UPS, na'urar batir da ke riƙe wuta idan an ɗauke, ko da janareta muke aiki.

Zan ba mai shagon da ke buga zanen gini da taswira da yawa shawarar ya saya, muddin wa'adin garantin injinsa ya wuce, tunda kamfani ba ya ɗaukar nauyin ɓarnar da tawadar waje ta jawo. Mai buga hotunan da ake son launinsu ya daɗe bai dusashe ba, gara ya tsaya a kan na asali. Wanda zai saya kuma ya nemi a haɗa masa da cif na ajiya, musamman na baƙi da ya fi saurin ƙarewa, ya kuma tambayi na tankin da ke tara tawadar wanki, domin shi ma yana da cif ɗinsa, kuma idan lissafinsa ya cika injin ba zai buga ko layi ɗaya ba.