Baldur's Gate 3: Ladan Mai Zaɓar Mugunta Bai Taka Kara Ya Karya Ba

Wasan Baldur's Gate 3, wanda kamfanin Larian na ƙasar Beljiyam ya fitar a shekarar 2023, yana cikin waɗanda muke bugawa a wani shagon PlayStation da ke Nima a Accra, kuma abin da na fi sa wa ido shi ne yadda yake saka wa ɗan wasan da ya bi hanyar mugunta.

A kashi na farko, idan ka haɗa kai da Minthara, ɗaya daga cikin shugabannin abokan gaba, ka far wa 'yan gudun hijirar da suka fake a kurmi, abokan tafiyarka Wyll da Karlach za su juya maka baya, wani maƙeri mai suna Dammon kuma ya halaka, ka rasa kayan yaƙin da zai sayar maka nan gaba. Samun Minthara a matsayin abokiyar tafiya bai cike wannan giɓi ba, domin garuruwan gaba suna rasa mutanen da ke ɗauke da labarai masu taɓa zuciya. Wannan ya dame ni ƙwarai.

Gyaran da Larian ya yi wa wasan a watan Satumba 2024 ya ƙaro wa masu bin hanyar mugunta ƙarshen labari iri-iri masu kyan tsari. Mai son wannan hanya ya fara da Dark Urge, ɗaya daga cikin taurarin da ake iya zaɓa a farkon wasan, wanda aka rubuta muguntarsa da kulawa.